Kafaɗar da Miami ta ƙi saya: yadda aka sake gina New Orleans Saints a hutun 2006

 Tarihinmu na yau zai kai mu kudancin Amurka, birnin New Orleans na jihar Louisiana, inda a farkon shekarar 2006 wata ƙungiyar ƙwallo ta wayi gari ba ta da koci, ba ta da filin wasa mai amfani, kuma ba a tabbatar ma za ta ci gaba da zama a garinta ba. Cikin wata takwas, ba tare da an buga wasan gasa ko ɗaya ba, aka harhaɗa mutanen da suka ciyo mata kofi bayan shekara huɗu.

Wasan da muke magana a kai shi ne zari-rugar Amurka, wadda su a can suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake hannu ya fi ƙafa aiki a cikinta. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Burin masu hari shi ne su kai ƙwallo ƙarshen filin abokan karawa su samu maki shida, ko dai ta hanyar rugawa da ita ko ta jefa wa wani ya cafe. Da yadi ake auna ci gaba, kamar dai a shagon mai atamfa. Mutum ɗaya ne ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari ya yanke shawarar inda za ta, shi za mu kira madugu a wannan rubutu. Ƙungiyar da ba ta da madugu nagari ba ta zuwa ko'ina.

Dokokin kasuwar

Gasar NFL tana da ƙungiyoyi 32, kuma tsarinta ya sha bamban da na Firimiyar Ingila da muka saba kallo. Babu faɗawa rukuni na ƙasa, komai lalacewar ƙungiya tana nan a gasar baɗi. Ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya kamar yadda ake yi a Turai, galibi musaya ake yi. Sannan akwai iyakar albashi: a 2006 dala miliyan 102 ce iyakar abin da kowace ƙungiya za ta lissafa wa 'yan wasanta a shekara, mai arziki da talaka duk ɗaya.

Saboda haka ƙofa uku ce ake shigo da sabon jini. Ta farko, a watan Maris 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare suna da 'yancin zuwa inda suka ga dama. Ta biyu, a watan Afrilu ana zaɓen matasan da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓa. Ta uku ita ce musaya, ɗan wasa da ɗan wasa, ko ɗan wasa da gurbin zaɓe. A ƙarshen sansanin atisaye kowace ƙungiya sai ta rage mutanenta zuwa 53. Wannan zango, daga Janairu zuwa farkon Satumba, shi ne hutun kaka, kuma a cikinsa ne manajoji ke yin nasu wasan.

Ƙungiyar da ta saba da kunya

An ba New Orleans izinin kafa ƙungiya ranar 1 ga Nuwamba 1966, ta fara wasa a 1967. Sai da ta shekara 20 kafin ta kammala kaka da nasarorin da suka fi rashin nasara yawa, a 1987. A 1980 wasa ɗaya tak ta ci cikin 16, har magoya bayanta suka riƙa zuwa fili sun rufe kawunansu da jakar takarda don kada a gane su. Nasararta ta farko a zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba ta zo ba sai a Disambar 2000.

Akwai wani hutun kaka da ya kamata mu tsaya a kansa, domin shi ne kishiyar labarinmu. A 1999 kocin ƙungiyar, Mike Ditka, wanda ya taɓa cin kofi da Chicago Bears, ya ƙwallafa rai a kan wani matashi mai gudu da ƙwallo, Ricky Williams na Jami'ar Texas. Don ya samu gurbi na biyar ya ɗauke shi, sai ya miƙa wa ƙungiyar Washington duk guraben zaɓen da yake da su a wannan shekara, ya ƙara da biyu na shekara mai zuwa. Guraben mutum takwas a kan mutum ɗaya. Har mujallar ESPN ta buga hotonsu a bangonta, Ditka a matsayin ango, Williams da rigar amarya. Aka shiga kaka, ƙungiya ta ci wasa 3 ta sha kashi a 13, aka kori Ditka. Williams ba rago ba ne, amma mai gudu da ƙwallo ba ya gudu sai an buɗe masa hanya, kuma guraben da za a samo masu buɗe hanyar da su ne aka bayar a kansa. Bayan kaka uku aka musanyar da shi zuwa Miami. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Katrina

Ranar 29 ga Agusta 2005 mahaukaciyar guguwar Katrina ta afka wa gaɓar tekun yankin. Katangun da ke tare ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin ɗari na New Orleans ya nutse. Filin wasan ƙungiyar, Superdome, ya zama mafakar dubban mutanen da ba su samu hanyar ficewa daga gari ba. Iska ta yaye wani ɓangare na rufinsa, wuta ta ɗauke, ruwan sha da banɗaki suka gagara. Duniya ta ga hotunan, sunan filin ya koma sunan wahala.

Ƙungiyar ta yi ƙaura zuwa San Antonio a jihar Texas. Wasanninta takwas na gida aka rarraba su: uku a San Antonio, huɗu a Baton Rouge, ɗaya kuma a filin New York Giants, wato ta karɓi baƙuncin Giants a gidan Giants. Ta kammala kakar da nasara 3 da rashin nasara 13. Aka sallami koci Jim Haslett, daga baya aka saki madugu Aaron Brooks.

Abin da ya fi tayar wa mutanen gari hankali shi ne raɗe-raɗin cewa ƙaurar za ta zama ta dindindin. Mai ƙungiyar, Tom Benson, yana da harkokin kasuwanci a San Antonio, kuma hukumomin can ba su ɓoye kwaɗayinsu ba. Shugaban NFL na lokacin, Paul Tagliabue, ya tsaya kai da fata cewa a koma New Orleans, kuma a ƙarshen Disamba aka sanar da komawar. Sai dai komawa ba ita ce zama ba. Garin ya rasa jama'a da yawa, kamfanoni sun gudu. In da ƙungiyar ta sake yin kaka biyu ko uku tana wasa a gaban kujerun da babu kowa, maganar ƙaura za ta dawo, kuma a lokacin ba mai hujjar hanawa. Wannan shi ne nauyin da ke kan janar manaja Mickey Loomis a Janairun 2006.

Koci da madugu

Loomis ya ɗauko Sean Payton, mataimakin koci a Dallas Cowboys ƙarƙashin Bill Parcells. Shekarunsa 42, bai taɓa riƙe ƙungiyar NFL ba, kuma New Orleans ba ita ce zaɓinsa na farko ba. Green Bay ya so, aka ba Mike McCarthy. Samun mataimaka ma ya yi masa wuya, domin ba kowa ke son kai iyalinsa garin da makarantu da asibitoci ba su gama buɗewa ba.

Matsalar da ta fi girma ita ce madugu. A San Diego Chargers akwai Drew Brees, wanda tun farko ake cewa ya yi gajarta da wannan matsayi, ƙafa shida ne tsawonsa. Ya yi kaka biyu masu kyau, amma ƙungiyar ta riga ta ajiye matashi Philip Rivers yana jiran gado. A wasan ƙarshe na kakar 2005, ranar 31 ga Disamba, suna karawa da Denver, ƙwallo ta suɓuce wa Brees, ya yi tsalle ya kama ta, wani ƙaton ɗan baya ya faɗo masa a kan hannu. Kafaɗarsa ta dama, wadda yake jifa da ita, ta goce, guringuntsin da ke riƙe gaɓar ya yage. Likita James Andrews ya yi masa tiyata a Birmingham ta jihar Alabama. Kwantiraginsa ya ƙare a daidai lokacin da ba ya iya ɗaga hannu, San Diego kuma ta yi masa tayin da yawancin kuɗin sai ya buga wasa zai gani.

Ƙungiyoyi biyu ne suka neme shi da gaske, Miami Dolphins da New Orleans. A ido Miami ta fi komai: ta ci wasa 9 a kakar da ta wuce, ga koci mai suna Nick Saban, ga gari lafiya lau. Amma likitocinta suka duba kafaɗar suka nuna shakku. Sai Miami ta juya ta ba Minnesota gurbin zagaye na biyu ta karɓi Daunte Culpepper, wanda shi kuma gwiwa ce ta lalace masa. A lissafinsu gwiwa ta fi kafaɗa saurin warkewa ga mai jifa.

Lokacin da Brees da matarsa suka kai ziyara New Orleans, Payton ya ɗauke su a mota don ya nuna musu unguwannin da suka tsira. Shi ma baƙo ne a garin, sai ya ɓace hanya, suka tsinci kansu cikin unguwannin da ruwa ya share, gidaje a rushe, ba kowa. Payton ya ɗauka ciniki ya watse. Brees kuwa ya sha faɗa daga baya cewa abin da ya gani ranar ne ya sa ya ji shi da garin halinsu ɗaya, kowa na neman wanda zai yarda da shi.

Ranar 14 ga Maris 2006 aka daidaita a kan shekara shida, dala miliyan 60. Amma a duba yadda aka tsara kuɗin. Abin da ƙungiya ta ɗaure kanta da shi na shekarar farko ne kawai, sauran kuma sai in ta ga hannun ya dawo ta zaɓi ci gaba. Kasada ce, amma kasada mai ƙofar fita, saɓanin ta Ditka wadda ba ta bar komai a baya ba. Kuma dalilin da New Orleans ta iya yin ta a fili yake. Miami tana ganin saura ƙiris ta kai, don haka tana tsoron kuskure. New Orleans kuwa ba wani lafiyayyen madugu mai daraja da zai zo mata, sai wanda kasuwa ta karya wa farashi.

Kwana biyu na Afrilu

Aka zo zaɓen matasa ranakun 29 da 30 ga Afrilu. Houston Texans ce ta farko, New Orleans ta biyu. Kowa ya ɗauka Houston za ta ɗauki Reggie Bush na Jami'ar Southern California, tauraron da ya fi kowa suna a wasan jami'o'i a 2005. Ana gobe zaɓe Houston ta sanar da cewa ɗan baya Mario Williams za ta ɗauka. Bush ya faɗo hannun New Orleans, gari ya ɗauka da murna, aka yi rububin tikiti. A wannan shekara ce ƙungiyar ta sayar da duk tikitinta na kaka, karo na farko a tarihinta.

Sunan Bush ne ya cika jaridu, amma aikin da ya daɗe an yi shi ne a ƙasa, inda kyamara ba ta kai ba. Ƙungiyar ta rasa LeCharles Bentley, ɗan tsakiyar katangar da ke kare madugu, wanda ya koma Cleveland. Zuwansa can ya sa Cleveland ba ta da buƙatar nata ɗan tsakiyar, Jeff Faine. Sai Loomis ya ce a yi musayar gurbi a zagaye na biyu: New Orleans ta sauko daga na 34 zuwa na 43, Cleveland ta ɗora mata Faine a kai. A gurbi na 43 ɗin ta ɗauki Roman Harper na Alabama, ɗan tsaron baya. A zagaye na huɗu aka maimaita dabarar da Philadelphia: ta sauko zuwa na 108, aka ba ta Hollis Thomas, gogaggen ɗan gaban tsaro. A na 108 ɗin ta ɗauki Jahri Evans daga Bloomsburg, ƙaramar jami'a a Pennsylvania da manyan ƙungiyoyi ba su cika leƙawa ba. Gurbi biyu suka haifar da mutum huɗu, kuma duka huɗun da su aka fara kakar a sahun farko.

A zagaye na bakwai, lokacin da yawancin masu kallo sun kashe talabijin, ta ɗauki Zach Strief a na 210, sannan Marques Colston na Jami'ar Hofstra a na 252. Mutum 255 aka zaɓa a wannan shekara, wato saura uku a rufe. Colston dogo ne mai cafe ƙwallo, wasu na ganin ba shi da saurin da matsayin ke buƙata, kuma a atisayen farko bai burge kowa ba.

Zafin Jackson

A ƙarshen Yuli Payton ya kwashe su zuwa Kwalejin Millsaps a Jackson ta jihar Mississippi, cikin zafi da gumi irin na kudu, atisaye safe da yamma da cikakken sulke. Abin da ya koya wurin Parcells ke nan: a gano wanda zai jure kafin a shiga gasa. Bai duba sunan kowa ko zagayen da aka zaɓe shi ba. A nan Colston ya farfaɗo, ya riƙa cafe duk abin da aka jefo masa, har ƙungiya ta ga za ta iya rabuwa da Donte' Stallworth, wanda ita da kanta ta ɗauka a zagaye na farko a 2002. A ƙarshen Agusta ta tura shi Philadelphia ta karɓi Mark Simoneau da gurbin zaɓe. Raina kama ka ga gayya.

Simoneau ya haɗu da Scott Fujita da Scott Shanle, dukansu biyu daga Dallas, inda Payton ya san halinsu a ɗakin sauya kaya. Su uku suka zama 'yan tsakiyar tsaro, kuma babu ɗayansu da ke ƙungiyar a bara. Ba taurari ba ne, wasu ma ana ganin 'yan benci ne a inda suka fito, amma sun san aikinsu kuma albashinsu bai cinye iyakar ba. Da aka yanke jerin 53, kusan rabinsu sababbi ne. Hannun Brees kuwa a wasannin share fage bai gama dawowa ba, ƙwallonsa na faɗuwa kafin ta kai, har hankalin masu horarwa ya fara tashi. Sai dab da fara kaka ƙarfin ya dawo.

Abin da ya biyo baya

Suka ci wasa biyu na farko a waje. Ranar Litinin 25 ga Satumba 2006 aka sake buɗe Superdome, mutum sama da 70,000 a ciki, Atlanta Falcons ce baƙuwa. Ba a yi minti biyu da farawa ba, Atlanta ta zo dokar ƙwallo da ƙafa don ta nisanta ta daga gidanta, sai Steve Gleason, ɗan wasan da ba ya cikin sahun farko, ya kutsa ta tsakiya ya tare ta. Curtis Deloatch ya faɗa kanta a gidan Atlanta, maki shida. Aka tashi 23 da 3. Yau akwai mutum-mutumin wannan tarewa a wajen filin.

Ƙungiyar da ta ci wasa 3 a bara ta ci 10, ta lashe rukuninta. Brees ya jefa ƙwallo ta yadi 4,418, fiye da kowa a gasar. Colston ya cafe 70, ya haura yadi 1,000. Evans ya fara duk wasanni 16. Payton ya zama gwarzon kocin shekara. Suka doke Philadelphia 27 da 24 suka kai wasan kusa da na ƙarshe, karo na farko a tarihinsu, inda Chicago ta lallasa su 39 da 14. A Miami kuwa, Culpepper wasa huɗu ya buga, ƙungiyar ta ci 6 ta sha kashi a 10, Saban ya tattara ya koma horar da Jami'ar Alabama.

Ginin bai kammala a shekara ɗaya ba. A 2007 sun ci 7, a 2008 sun ci 8, domin tsaronsu na zubar da abin da hari ya tara. Sai da aka ƙara wasu hutun kaka ana toshe wannan ɓaraka, aka kawo Jonathan Vilma da Tracy Porter a 2008, da sabon kocin tsaro Gregg Williams a 2009. Ranar 7 ga Fabrairu 2010 suka doke Indianapolis Colts 31 da 17 a wasan Super Bowl, kuma a filin Miami aka buga shi. Brees, Colston, Evans, Harper, Fujita, Shanle, Bush da Strief duk suna cikin tawagar, mutanen hutun 2006.

Tarihin yana da tabonsa. A 2012 NFL ta dakatar da Payton na kaka guda cur, bayan bincikenta ya nuna cewa a ɓangaren tsaron ana ba da tukuicin kuɗi ga wanda ya ji wa abokin karawa rauni. Kofin kuma bai gina wa kowa gida ba. Ƙidayar 2000 ta samu mutum 484,674 a New Orleans, ta 2010 ta samu 343,829, kuma tun a lokacin akwai masu tambayar dalilin da aka gaggauta gyaran filin wasa da kuɗin gwamnati alhali unguwannin talakawa na kwance. Abin da hutun 2006 ya tabbatar shi ne ƙungiyar ta zauna, maganar San Antonio ta mutu.

In muka jera 1999 da 2006, za mu ga duka biyun an samu tauraro mai gudu da ƙwallo a saman zaɓe. Bambancin yana wurin abin da aka kewaye shi da shi. Bush ya yi kaka biyar a New Orleans, ya yi amfani, amma bai taɓa rugawa yadi 1,000 a kaka ɗaya ba kafin ya tafi a 2011. Evans na 108 an zaɓe shi wasan taurarin gasar sau shida. Colston na 252 ya bar wasa yana riƙe da tarihin ƙungiyar na yawan cafe ƙwallo, 711. Shi kuwa mai kafaɗar da likitocin Miami suka yi wa shakku, kaka 15 ya yi yana jifa da ita a New Orleans, ya sanar da ritayarsa ranar 14 ga Maris 2021, shekara 15 daidai da ranar da ya amince zai zo.